An Shuka Gado a Rogo Ruma

Malam Isyaku malamin gona ne a Karaye, kuma a ƙarshen shekarun 1980 babu manomin da bai san shi ba tsakanin ƙauyen Yola da Tudun Kaya. Mutum ne mai baki. In ya kafe babur ɗinsa a bakin gonarka ya fara bayanin tazarar shuka da lokacin zuba taki, sai ka roƙe shi don Allah ya bar ka ka je salla. Amma tun ranar da aka aiko masa cewa matarsa Tasalla ta sauka lafiya a gidan iyayenta a Rogo Ruma, an sami 'ya mace, bakin nan ya mutu murus. In aka yi masa barka sai ya sunkuyar da kai ya hau goge madubin babur.

Ba wai bai yi murna ba. Murna ce ta cika shi har ya rasa inda zai sa ta. Sai dai 'yar fari ce, kuma a gidansu da gidan surukansa ba a wasa da kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka nuna ka damu da shi, ko da zuciyarka tana can a kansa dare da rana. Ranar suna Isyaku ya zauna can bayan taro, ya ji an raɗa wa yarinya Adama, ya yi fuska kamar sanarwar allurar shanu ake yi. Ko fuskarta bai gani da kyau ba, sai ɗan kunne da ya hango cikin zane lokacin da aka fito da ita wajen wanzami.

Bayan suna da 'yan kwanaki, yayarsa Barira, wadda ta kwana biyu a wajen mai jego, ta dawo Karaye. Ba ta ko ajiye mayafi ba ta tare shi a tsakar gida.

"Kai, matarka ba ta barci."

"Ai jego ya gaji haka, Yaya."

"Ni za ka koya wa jego? Yarinyar nan ba ta da rigima, ta sha ta ƙoshi ta yi barcinta. Uwar ce ba ta runtsawa. Da zarar surukarka Inna Hajo ta fara minshari sai ta tashi zaune, ta rungume jaririya, ta jingina da bango har a kira asuba. Idanunta duk sun faɗa. Na tambaye ta, wai ita zafi take ji."

Isyaku ya san zafin da ake nufi. Tasalla mace ce mai natsuwa in idonta biyu, amma in ta yi barci Allah ya yi ta da birgima. Ta kwanta kanta gabas, ta farka kanta yamma. Shi kansa ba sau ɗaya ba ya tsinci kansa a ƙasa da matashi a hannu. Tsoro take ji kada ta danne 'yar, kuma ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa uwarta ba, don faɗin haka nuna damuwa ne da 'yar fari. Ko ta faɗa ma, amsar Inna Hajo sananniya ce: jikin uwa da kansa yake sanin akwai ɗa a gefe, su ma haka suka yi nasu.

"To a shimfiɗa wa yarinyar tabarma mana," in ji shi.

"A ƙasa? Da kakar nan, kunama na yawo ko'ina? Ka ji ka da wata magana."

Sai ya tuna wani abu da ya taɓa gani a Kano, a gidan shugabansu na wajen aiki: ɗan ƙaramin gado mai shinge, an kanga shi da gadon uwar, jariri na kusa da hannunta amma yana wurinsa daban. Ya kwatanta wa Barira, yana kallon bango, kamar labarin wani gari yake bayarwa.

Barira ta dube shi ta yi dariya. "Ka samo shi. Ranar da za ka kai, zan riga ka isa, in shigar da shi in ce gudummawar gwaggo ce. Kai ba ruwanka, ba ka sani ba, ba ka gani ba."

Washegari ya fara neman gado, kuma ya nema kamar mai zaɓen irin shuka. Ya je wajen mai walda a bakin tasha, aka nuna masa na ƙarfe, shuɗi, yana ta sheƙi. Ya zura hannu tsakanin sandunan ya ga har dunƙulensa ya wuce, ya shafa wajen haɗin ya ji yana kartar yatsa, ya ce zai dawo. Ya je kasuwa wajen masu gadon tukurwa, ya ga ba nauyi, ba tsada, amma ya girgiza shi sau ɗaya ya ji yana kuka, nan ma ya ce zai dawo. Daga ƙarshe dai ƙafarsa ta kai shi inda yake gudu tun safe, wato rumfar Muntaka kafinta. Muntaka ya iya aiki, wannan ba gardama. Matsalar ita ce ya je sunan, ya ci naman ragon, kuma bakinsa ba ya ajiye magana.

Suka gaisa, aka tambayi gida da aiki da gajiyar suna. Sannan Isyaku ya gyara murya.

"Wani abokina ne aka yi wa haihuwa."

"Allah ya raya. Wane abokin? Ko na san shi?"

"Ba ka san shi ba. Mutumin can wajen Gwarzo ne."

"Ikon Allah," in ji Muntaka, yana zaro fensir daga bayan kunne. "Bana haihuwa ta yi albarka. To me abokin namu yake so?"

Nan bakin Isyaku ya dawo. Ya ce gefe uku za a yi wa shinge, a bar na huɗu a buɗe don a kanga shi da gadon uwar. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce yatsu uku. Kan ƙusa ko ɗaya kada ya leƙo, a goge katakon har sai ya yi sumul. A kafa sanduna a kusurwa don rataya gidan sauro. Muntaka ya so ya shafa masa koren fenti ya zana furanni, har da ɗan madubi a wajen kai, don a cewarsa gado ba fenti ai akwatin tumatir ne. Isyaku ya ƙi. Ya ce fenti yana da wari, kuma nan gaba yarinya za ta sa baki ta ciza.

"Au, mace ce?"

"Haka ya ce min."

"To madalla. Sai me?"

"A gefen da ke buɗe, ka sa katako mai tsayin taƙi ɗaya. Yadda hannun uwar zai ƙetara ya taɓa yarinyar, amma in ta mirgino ya tare ta. Kuma ka sa mai ƙwari."

"Birgima take yi ke nan?"

"Birgima? Ai ba ka ga komai ba. Tana farawa da ƙafar hagu, sai ta jefo hannu, kafin ka ankara ta juyo gaba ɗaya ta kwashe bargon."

Muntaka ya ajiye fensir a hankali ya dube shi. "Malam Isyaku, shi wannan abokin naka, ya san ka san barcin matarsa har haka?"

Isyaku ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. "Shi ne ya ba ni labari."

"Ai na sani. Abota ta kai abota. To saura tsayi. Ka je ka tambayo shi tsayin gadon matar tasa, don su zo daidai."

Isyaku ya koma gida ya buɗe ɗakin Tasalla. Gadonta na aure yana nan yadda ta bar shi, na ƙarfe mai rumfa, an ɗora ƙafafunsa a kan bulo, an jibga masa katifa uku. Ya auna da igiya daga ƙasa zuwa saman katifa, ya ga ya kai masa ƙugu, ya ƙulla alama ya kai wa kafinta. Muntaka ya karɓi igiyar, ya yaba wa abokin bisa saurin amsa daga Gwarzo, ya kama aiki.

Gado ya fito kyakkyawa, fari sol, yana ƙamshin sabon katako, da 'yar katifarsa ta auduga. Isyaku ya kife shi a bayan babur, ƙafafu huɗu a sama, ya ɗaure da roba, ya ɗauki hanyar Rogo. Duk ƙauyen da ya ratsa sai an tambaye shi. Wani ya ce kejin kaji ne na zamani, wata tsohuwa mai fura ta ce ko gwamnati ce ta kawo sabon abin shanya kuɓewa. Yana amsa kowa da "e, kusan haka ne," yana ƙara wuta.

Ya isa Rogo Ruma bayan azahar, yana ta baza ido ko zai hango Barira. Babu ita, babu alamarta. Daga baya ya ji motar da ta shiga ce ta mutu a hanya. Wanda ya tarar a ƙofar gida, zaune a kan buzu a gindin darbejiya, shi ne mutumin da ya fi jin nauyi a duniya, surukinsa Bappa, yana tufkar igiyar shanu. Kusa da shi kuma ga amininsa Malam Jibo, wanda ba a taɓa yin abu a gabansa bai tambayi dalili ba.

Bappa dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana, kuma shi ne ma'aunin kunya a unguwar. Tasalla ce 'yarsa ta fari. Tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa. In dole ta kama sai ya ce "waccan," kuma ko ranar da aka kai ta ɗakin miji, cikin shanu ya wuni.

Isyaku ya kashe babur daga nesa, ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa.

"Barka da yamma, Bappa."

"Barka kadai. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya dabbobi?"

"Sai godiya. Yaya mutanen Karaye? Yaya aikin?"

Ya ja gaisuwar nan iya jansa, ya tambayi kaka, ya tambayi gyaɗa, ya koma ya sake tambayar dabbobi, yana fatan Barira ta ɓullo. Malam Jibo dai idonsa na kan babur.

"Malamin gona, wannan kuma fa? Sabon abin da za ku koya mana ne?"

"Saƙo ne, Baba."

"Saƙon wa?"

Gumi ya karyo wa Isyaku. In ya faɗi gaskiya, kafin magariba duk Rogo Ruma ta ji cewa mijin Tasalla ya ɗauko gado tun daga Karaye ya kawo wa 'yar fari da hannunsa, a yi ta yi musu dariya shi da ita har yarinyar ta yi wayo, kuma Inna Hajo don kunya tana iya cewa a mayar. In kuma ya ce abin shanya ne, a kan rufin ɗaki zai ƙare da barkono a ciki, Tasalla ta ci gaba da kwana a zaune.

Bappa ya ajiye igiya ya miƙe. Ya je ya kwance robar da kansa, ya sauke gadon ya tsayar da shi. Ya zagaya shi, ya gwada yatsunsa tsakanin sandunan, ya bi gefunan da tafin hannu. Da ya zo kan katakon nan na gefen da ke buɗe, ya tsaya ya daɗe, ya danna shi da ƙarfi ya ji bai motsa ba.

"Jibo, kai dai tambaya kamar alƙali," in ji shi. "Gadon amaryata ne. Ni na sa a yi. Na yi sabuwar amarya, sai in bar ta tana raɓe a gadon wata? Wannan yaron dako kawai na sa shi, tun da yana da abin hawa."

Malam Jibo ya fashe da dariya. "Tsoho da kai! Amaryar da ko haƙori ba ta da shi?"

"Ni ma nawa saura kaɗan. Mun dace."

Kaka da jika ba kunya a tsakaninsu, sai wasa. Abin da uba ba zai iya yi ba, kaka yana yin sa da tsakar rana a kuma yaba masa. Isyaku ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, ya ƙara sunkuyar da kai don kada a ga fuskarsa.

Aka shigar da gado zaure, aka kira Inna Hajo ta ga abin da mai gida ya yi wa kishiyar wasanta. Ta fito tana goge hannu, ta amsa gaisuwar surukinta a kaikaice, ta dubi gadon daga sama har ƙasa, sai ta kama haɓa.

"Malam, wannan ai sai da tsani. Rumbu ka sa aka yi mata?"

A nan ne Isyaku ya gane abin da ya yi. Gadon Karaye ya auna. Mai jego kuwa a gidan uwarta ba a gadon ƙarfe take kwana ba, a gadon ƙasa take, wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa don ya gasa mata jiki, kuma da ƙyar ya kai gwiwa. Ya san da haka sarai, kowa ma ya sani. Amma tun da kunya ba ta taɓa barinsa ya leƙa ɗakin ba, ko kaɗan abin bai faɗo masa a rai ba.

"Abu mai sauƙi," in ji Malam Jibo daga bakin zaure. "A kawo zarto a rage ƙafafun."

"In an yi arba'in an koma Karaye fa?" in ji Bappa. "A sake ɗinka masa ƙafa? Ba a yanke wa gadon amarya ƙafa." Ya juyo wajen Isyaku, amma saman hularsa yake kallo. "Kai ba malamin gona ba ne? Kullum kana koya wa mutane zurfin rami. Ga dagi can. Shiga ka shuka shi."

"A ɗakina?" in ji Inna Hajo. "Daɓen da muka sha wahalarsa bana?"

"Zan sa a sake miki," in ji Bappa.

"Gara kuma ta cinye ƙafafun?"

Aka yi ta ja, daga ƙarshe ta yarda bisa sharaɗin kowace ƙafa a zura ta cikin gwangwanin madara a cika da toka. Ta shige gaba tana mita, Isyaku na biye da dagi a hannu ɗaya, gado a kafaɗa.

Ɗakin da ɗumi, yana ƙamshin hayaƙi da kanwa. Tasalla na zaune a bakin gadon ƙasa da jaririya a cinya. Da ta ga wanda ya shigo sai ta ja mayafi ta juya wajen bango, ta gaishe shi da muryar da ko ita da ƙyar ta ji. Kafin ta juya ya ga idanunta, kuma Barira ba ta ƙara gishiri ba. Tausayinta ya kama shi.

Ya sa alama huɗu a ƙasa ya fara haƙa. Inna Hajo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon daɓenta yana tashi, tana salati. Can sai ta ce ta bar kunu a wuta, ta fita, ta kuma saki labule a bayanta.

"Za ka rushe wa Inna ɗaki," in ji Tasalla a hankali, har yanzu tana kallon bango.

"Aiko ni aka yi."

"Wa ya aiko ka?"

"Bappa. Ya ce na amaryarsa ne."

Ta juyo ta dubi gadon. Ta ga katakon da aka gitta a gefe, ta gane ko don wa aka sa shi, ta rufe baki da mayafi tana dariya, hawaye na zubo mata.

Isyaku bai taɓa haƙa rami a hankali kamar na ranar ba. Ya zura gwangwanaye, ya zuba toka, ya saukar da ƙafafun, ya ciro, ya ƙara zurfi, ya sake saukarwa, har gadon ya zo kafaɗa da kafaɗa da na ƙasa. Sannan ya kakkaɓe hannu a riga ya ce sai an gwada da nauyi kafin a cike ramukan. Tasalla ta dubi labule, ta miƙo masa yarinyar. Ya karɓe ta. Ba ta da nauyin komai, ga gashi baƙi lallausa, ga ɗan baki tana motsawa. Ya daɗe yana gwajin nan kafin ya kwantar da ita a kan katifar.

"Ke ma kwanta mu gani ko hannunki zai kai," in ji shi.

Ta kwanta a gefenta, ta ƙetara katakon da hannu, ta ɗora tafinta a cikin yarinyar.

"Ya kai?"

"Ya kai."

Ya durƙusa yana cike ramukan, yana danna ƙasa da gindin dagi, yana yi mata bayanin cewa in ba a danne da kyau ba gadon zai riƙa rawa, kuma in za a koma Karaye sai a fara jiƙa wurin kafin a tuge. Da ya zo ƙafa ta ƙarshe ya ji ba a amsa masa. Ya ɗaga kai. Tasalla ta yi barci, baki a ɗan buɗe, hannunta na kan 'yarta, ga rana tana shigowa ta gefen labule. Sauran ƙasar da tafin hannu ya danna ta.

Ya fito da sanɗa. Malam Jibo ya tafi alwalar la'asar, Bappa kaɗai ne a gindin darbejiya, ya koma kan igiyarsa. Isyaku ya jingine dagi ya durƙusa.

"Ya zauna?" in ji Bappa, bai ɗago ba.

"Ya zauna, Bappa."

Tsohon ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa. Isyaku ya fara shirin yin sallama. Sai ya ji an yi magana ƙasa-ƙasa.

"Waccan fa?"

"Ta yi barci."

Hannun Bappa ya tsaya cak. Ya sauke numfashi mai tsawo, ya shafa fuska da hannu biyu.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Kada ka tayar da abin nan naka a nan. Tura shi sai ka fita gari."

Isyaku ya kama babur ya fara turawa. Da ya kai kwanar masallaci ya waiwaya. Bappa ya bar igiyar a kan buzu, yana bin bayan katangar ɗakin mai jego a kan yatsun ƙafa, ya cire hularsa yana korar wani zakara da ke shirin cara.